Dala Gaban Harafi, Dala Gaban Lamba

Abin da ake takara a kai buhu dubu da ɗari biyu ne: ɗari biyar na Takanamat, ɗari huɗu na Afala, ɗari uku na Tebaram. Dusar alkama, dusar masara, gurya da tunkuza. Wani proje ne mai taimakon makiyaya ya gina rumbunan abincin dabbobi a garuruwan nan uku, yana neman wanda zai cika su kafin ciyawa ta ƙare a daji. Aka ce kowane ɗan kasuwa ya kawo farashinsa gari-gari, wanda nasa ya fi sauƙi shi za a ba. Tun da na fara sayar da dusa a kasuwar Tawa ban taɓa ganin ciniki mai girman wannan ya zo ƙofar shagona ya yi sallama ba. In na samu, na fita daga sahun masu auna wa mai tunkiya ɗaya tiya biyu. In na rasa, na koma kan bencina ina ɗaga wa motocin wani hannu.

Kayan ba su dame ni ba. Ina da Alhajin da nake saye wurinsa a Sakkwato, ina da ɗan canjina a Ƙonni, na san direbobin da ba su sayar da buhu a hanya su ce ya faɗi. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Mutanen proje sun ce ba su son farashi a takarda kaɗai. A zuba shi cikin tablo na ordinatar, jadawalin kwamfuta ke nan, a kawo a kile, ɗan abin nan da ake soka wa na'ura a kwashi aiki, kuma lissafin ya kasance mai rai, wato in sun taɓa lamba ɗaya sauran su motsa da kansu.

Ni lissafina a ka yake. Lekol na bar ta tun ina aji huɗu, na bi jakin kanwa, daga baya na yi cirani, kuma babu wanda ya taɓa cuta ta da ko tamma ɗaya ta sefa ban gane ba. Amma lissafin kasuwa ne, irin namu, da dala muke yin sa. Abin da takarda ta kira tamma biyar, bakinmu dala yake cewa. Tamma ɗari dala ashirin ce, jikka guda dala ɗari biyu. Ko cikin barci aka ce mini dala, biyar nake gani.

Ordinatar kam ina da shi. Ƙanen matata ya kawo mini daga Abijan, na hannu, kuma aikinsa a gidana ɗaya ne: kallon kokawa. Wanda zai sa shi aikin da aka yi shi dominsa nake nema, kuma ba kowa ba. Masu buga takardu a bakin kasuwa sun iya, amma farashi sirri ne, kuma benci ɗaya nake zama da abokan takarata a shagunan nan. Sai na aika wa taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda take kontabul, mai riƙe lissafin kuɗi, a wani ofishin lafiya. Ita ɗiyar namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawanta take kira na, ni kuma ba na barin ta sha ruwa lafiya.

Ta zo shagon da hantsi, ta tsaya a ƙofa tana kallon ordinatar a kan buhun gurya.

"Bawana, an ce ka koma lekol da hurhura."

"Uwar ɗakina, in ba ki iya ba ki hwaɗi tun da wuri, in nemi mai ilimi."

"Aika a kawo hura tukuna. Ba ni koya ma baƙauye karatu da yunwa."

Da ta sha, ta buɗe tablon. Na ga fili fari an yanka shi gida-gida kamar dara. Ta ce kowane gida yana da suna: harafin da ke samansa da lambar da ke gefensa. Can sama, a gidan da ake kira B1, ta ajiye canjin ranar, wato abin da naira ɗaya take yi a sefa. Ta bar layi ɗaya fayau, ta rubuta kanun kaya a na uku, sannan daga na huɗu ta jera kayan: iri huɗu sau gari uku, layi goma sha biyu. Sunan kaya a ƙarƙashin A, yawan buhu a ƙarƙashin B, farashin naira a ƙarƙashin C. Ƙarƙashin D nan ne na'ura za ta mayar da naira sefa, kuma kuɗin mota da ribata duk a kan D za su hau.

Ta turo mini ordinatar ta ce in sa farashin da kaina, in saba. Na buɗe saƙon Alhajin Sakkwato a waya. Dusa ta farko ya rubuta 12,500. Na kwafe shi yadda yake, da yatsa ɗaya, har da waƙafinsa. Ta rubuta lissafin layin farko, farashin naira sau B1, ta danna. Abin da ya fito ko alewa ba zai saya ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji ya tuba. Kira shi ya loda mota goma."

Ta yi dariya har ta dafe buhu. Sannan ta nuna mini gidan: na'ura ta haɗiye sifili biyu, ta bar 12,5. Ta ce ordinatar ɗina Bafaranse ne. A wurin Bafaranse waƙafi wuƙa ce, birgil suke ce mata, tana yanka lamba gida biyu: na hagu kuɗi, na dama ɓarɓashi. Sha biyu da rabi ke nan na rubuta. Su kuwa mutanen Najeriya, da Ingilishi ya yi rainonsu, waƙafi wurin hutawa ne kawai a tsakiyar doguwar lamba, don ido ya numfasa. In za su yanka lamba, ɗigo suke sa wa.

"To in ya aiko da waƙahi?"

"Ka zubar da shi, ka rubuta lambar tsirara."

"In ɗan canji ya aiko da ɗigo hwa? Shi ma lekol ɗin can ya yi."

"Ka maida ɗigon waƙahi. In ka bar shi, na'ura ba ta ɗaukar shi lamba, zance take ɗaukar shi."

Abin ya daɗe yana ba ni mamaki. Mu da Sakkwatawa harshe ɗaya, tuwo ɗaya, ana auratayya, ana zuwa wa juna gaisuwar mutuwa. Ashe Turawa da suka tafi sun bar wa kowa waƙafinsa, kuma waƙafin bai taɓa tsallaka iyaka ba sai da waya ta zo.

Ina cikin gyara farashin aka yi mata oda a waje. Motar ofishinsu ce, za su Tebaram aikin rigakafi, ita za ta biya ma'aikata. Ta miƙe tana gyara mayafi.

"Layin hwarko na yi maka. Ka ga ɗan ɗigon ga na kusurwar gidan? Ka kama shi ka ja ƙasa har layi na ƙarshe, sauran su cika da kansu. Ko jaki ya iya."

"To ki bar jakin ya gwada, ke ki tahi."

Washegari da safe ake karɓar dosiye, wato takardun takara. Na ce ai akwai lokaci. Na sallami masu saye biyu, na dawo na zauna, na kama ɗigon kamar yadda ta ce, na ja. Gidajen suka cika tar, na ji daɗi. Sai na duba abin da ke ciki.

Layin farko daidai. Na biyu sifili: dusar masara kyauta. Na uku ya ƙi fito da lamba sam, sai wata kalmar Faransanci da alamar motsin rai a wutsiyarta, kamar an taka shi. Na huɗu kuwa, buhun tunkuza ɗaya ya kai kuɗin fili a bakin titi. Daga nan zuwa ƙasa kowa da haukarsa. Na share, na sake ja, a hankali wannan karon, don na ce ko gaggawa na yi. Haukar ta dawo yadda take, ba ragi.

Na ɗauki hoto na aika mata. Hanyar Tebaram rezo, wato sabis ɗin waya, sai an yi sa'a. Bayan azahar saƙon murya ya shigo, gajere, iska na kaɗawa a cikinsa.

"Bawana, laihina ne, na manta turke. Gidan canji ne ke sulluɓewa. Koma layin hwarko inda na rubuta B1, ka sa dala gaban harahi, ka sa dala gaban lamba, ka sake ja."

Na saurara sau uku. Magana ce sarai, Hausa ce, ba Faransanci ko ɗaya a ciki. Dala gaban harafi, dala gaban lamba. Ban tambayi kaina dalilin ba, don ai ba na tambayar makanike dalilin da ya sa ya ɗaure wani ƙusa. Na shiga gidan, na sa 5 gaban B, na sa 5 gaban 1. Ya zama 5B51. Na danna.

Na'ura ta fito da wani akwati tana ƙorafi. Na tsaya na yi nazari irin na ɗan kasuwa. Na lura a rubutun taubashiyata duk inda abu biyu suka haɗu akwai ɗan tauraro a tsakaninsu, shi ne sau. Na ce to, ashe dalata ce ta zauna kusa da harafi ba sallama. Na sa tauraro tsakanin 5 da B. Na'ura ta karɓa ba musu. Na ji kaina ya yi girma. Na kama ɗigo na ja.

Haukar ta tafi kam. Layi goma sha biyu suka daidaita, kansu ɗaya: sifili daga sama har ƙasa. Buhu dubu da ɗari biyu, har kai wa gida, fisabilillahi.

Na ce ko dala guda take nufi, wato ɗaya. Na cire biyar na sa ɗaya-ɗaya. Farashin ya tashi sama kamar shirwa. Na mayar da biyar ɗina, gara sifili, aƙalla ba ya tayar da hankali. Na kira ta, ba ta shiga. Na sake kira, wata mata ta ce mini da Faransanci ba a samun ta, kamar ban sani ba.

Nan fa na fara auna abin da gaske. Zan iya ɗaukar kalkuleta in buga lambobin da hannu, amma lissafin ya mutu ke nan, kuma an ce mataccen tablo ba a ko duba shi. Zan iya kai wa masu buga takardu, su gyara kafin in gama shan shayi, amma kafin magariba rabin kasuwa ta san ribata a kan kowane buhu. Na zaɓi in jira. Na rufe ordinatar, na auna wa wata tsohuwa gurya, na yi ciniki da wani Buzu a kan gishirin lasa har muka gaji da juna, ido ɗaya na kan waya.

Bayan la'asar ta kira. Ta ce a kan wani tudu take tsaye, ita da awaki, nan kaɗai rezo ke kamawa.

"Ya yi?"

"Ya yi ƙwarai. Yanzu komi kyauta ne. Makiyaya za su yi miki addu'a."

"Kamar ƙaƙa kyauta? Karanta min abin da ka rubuta."

"C huɗu, tauraro, biyar, tauraro, B, hamsin da ɗaya."



"Wane biyar?"

"Dala mana. Ba ke kika ce in sa dala ba?"

Ban taɓa jin mutum ya yi dariya irin wannan a kuɗin wayarsa ba. Ina jin ta tana kiran direbansu ya zo ya ji. Da ƙyar ta samu numfashi.

"Dalar Amurka, bawana! Alamar ta! S ɗin nan mai sanda a ciki!"

"To mi ya kawo Amurka cikin dusar Takanamat? Da naira nake saye, da sefa nake saidawa."

"Ba kuɗi ba ce a nan, turke ce! Ka aika na'ura gida na hamsin da ɗaya, inda ba kowa, ta ɗebo maka sihili sau biyar."

"Da kin ce turke tun hwarko."

"Na ce turke!"

"Kin ce kin manta shi. Kuma kin manta shi ɗin. Kontabul guda."

Ta sa na nemo alamar, tana can dama kusa da babban maɓalli, na sha ganin ta ban taɓa gaishe ta ba. Na goge biyar-biyar ɗina da tauraron da na ƙara, na rubuta $B$1. Na ja. Layi goma sha biyu suka fito da farashin mutane masu hankali. Na gwada biyu da ka, suka yi daidai har tamma.

Tun da tana kan tudun, na ce ta gaya mini dalili, don ba na son maganin da ban san ciwonsa ba. Ta ce na'ura ba ta riƙe sunan gida, tazara take riƙewa. A layi na huɗu an ce mata ta ɗauko canji daga hawa uku sama, to ko'ina aka ja ta hawa uku sama za ta leƙa. Da na sauka layi ɗaya, ta leƙa B2, ba kowa, ta kawo sifili. Na ƙara sauka, ta leƙa B3, ta tarar da rubutu, ta yi ihu. Na ƙara, ta faɗa cikin yawan buhu ta ɗauke shi canji. Akuya ce sakakka, in garke ya matsa sai ta matsa. Dalar gaban harafi tana hana ta zuwa gabas ko yamma, ta gaban lamba tana hana ta hawa ko sauka. In ka sa ɗaya kaɗai, ka ɗaure ta ne a doguwar igiya, tana zirga-zirga a layi ɗaya. In ka sa biyu, ka kafe ta.

"Ko B1 ɗin ka bi ka rubuta da hannu a kowane layi, da ya yi," in ji ta. "Wahala ce dai."

"Yanzu kike hwaɗi?"

"Ina na sani? Na ɗauka da mutum nake magana." Rezo ya ɗauke kafin in rama, kuma har yau ina zargin ita ta kashe.

Da safe na sa babbar riga, na saɓa ordinatar a jakar leda, na tafi ofishin proje da wuri. Masu takara muna zaune a benci ƙarƙashin itacen bedi muna jiran a buɗe ƙofa. Kusa da ni wani Alhaji ne, tsohon hannu a harkar, mai motar kansa, wanda tun ina bin jaki yake sayar da dusa. Muna mutunci, amma ciniki ciniki ne. Ambulan ɗinsa a liƙe, kile ɗinsa a aljihu, tun shekaranjiya aka gama masa.

Ya dubi jakata ya ce, "Kai kuma kokawar za ka nuna musu?"

"Ita ce, Alhaji. Yau akwai kaye."

Sai wayata ta yi ƙara. Ɗan canjina ne na Ƙonni: naira ta sauka da safen nan, ga sabon canji. Ba sauka mai yawa ba, amma a kan buhu dubu ɗan kaɗan ba kaɗan ba ne. Kayan Sakkwato sun yi mini sauƙi ke nan, zan iya rage farashi ribata tana nan yadda take. Na buɗe ordinatar a kan gwiwa, na juya wa Alhaji baya cikin ladabi, na shiga B1, na kwafe lambar daga waya.

Layi goma sha biyu suka yi ihu gaba ɗaya. Kalmar nan mai alamar motsin rai, daga sama har ƙasa. Turke ya yi aikinsa da kyau: da can akuya ɗaya ce ke kuka, yanzu duk garken na ɗaure a wuri ɗaya, kuma wurin ne ya ɓaci. Mai gadi ya fara zare sakata.

"Lahiya?" in ji Alhaji, yana miƙa wuya.

"Lahiya lau. Ɗan kokawata ne ya durƙusa."

Na ƙura wa gidan ido. Lambar ta maƙale a gefen hagu, alhali sauran lambobi duk a dama suke zama. Sai na gan shi: ɗigo. Na kwafo shi daga Ƙonni ban cire masa rigar Ingilishi ba. Na goge, na sa waƙafi. Garke ya yi shiru, farashi ya sauka layi-layi, kuɗin mota da riba suka bi sahu. Na zuba a kile. Sakatariyar proje ta buga mini takardar a nan take, na sa hannu, na liƙe ambulan da yawu a gaban kowa.

A gabanmu aka buɗe, aka karanta gari-gari. Takanamat, nawa ya fi sauƙi. Afala, nawa ya fi sauƙi, da ɗan abin da bai wuce saukar nairar safen nan ba. Da tsohon canji na shiga, da Alhaji ya ɗauke ta. Tebaram kuwa ya kayar da ni warwas, kuma ba na'ura ce ta yi ba: hanyar rairayi ce, ni hayar mota zan yi, shi tasa ce. Ko dala goma na sa gaban harafi ba ta sauya wannan. Muka yi musafaha a ƙofa, ya ce in na rasa mota zuwa Afala in neme shi, zai yi mini farashin ɗan'uwa. Na neme shi, bai yi ba.

Ga yadda aka tashi. Buhu ɗari tara na samu, ɗari uku suka tafi wurin Alhaji. Na kai kayan kafin ruwan farko, ba buhun da ya faɗi a hanya, kuma da ribar na kama shagon da ke jikin nawa na fasa bangon tsakani. A ɓangaren hasara akwai turmin atamfa, wanda taubashiyata ta zaɓa da kanta, mafi tsada a shagon, ta ce ladan hawan tudu ne. Akwai kuma labarin, da ta raba wa dangi kaf kyauta. Har yanzu ba a yin suna ko ɗaurin aure a gidanmu ba tare da wani ya matso kusa da ni, fuska a ɗaure, ya ce yana da dalar Amurka guda, ko zan ba shi tamma biyar. Na lissafa duka, na ga ban faɗi ba.